Garwashin Mai Koko a Ƙarƙashin Katafila

Shekaru sun ɗan ja tun da abin ya faru, kuma ban zauna na rubuta shi a lokacin ba. Mai yiwuwa na haɗa safiyar wata rana da ta wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Abin da ba na shakka a kansa shi ne, akwai wata mai koko a unguwar Kaladan da ke Tamale wadda ɗaki guda take da shi a duniya, kuma ɗakin nan yana tsaye lafiya kafin mu shigo layinsu da katafilarmu.

Na samu aikin ne bayan na yi shekara uku a gida, a unguwar Aboabo, takardar digiri tana kwance a akwati. Na karanta fannin injuna, na gama hidimar ƙasa, daga nan sai zama. Ina gyara wa 'yan unguwa janareta da injin niƙa, suna ce mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa gane ko girmamawa ce ko tsokana ba. Ranar da wani ɗan kwangila ya ɗauke ni gwaji na wata uku, mahaifiyata ta dafa shinkafa ta raba wa maƙwabta. Aikina shi ne kula da injuna a inda ake haƙa gota, wato magudanar ruwa, a gefen wani layi. Injunan ba su da yawa: tifa biyu, injin kwaɓa kankare, da wata tsohuwar katafila mai haƙa wadda nake jin ta girme ni.

Mai tuƙa ta dattijo ne daga unguwar Tishigu, kowa Baba yake ce masa. Na fara aiki a tsakiyar lokacin sanyi. Na san waɗanda suka zauna a ƙasashen ƙanƙara za su yi dariya idan na kira abin da muke yi a Tamale sanyi, amma tsohon injin dizal bai san wannan ba. Injin katafilar ya gaji, kuma fulogogin da ke ɗumama shi kafin a tayar sun mutu tun kafin zuwana. Da rana tana tashi ba gardama. Da sassafe kuwa sai ta yi ta tari tana fitar da farin hayaƙi har batir ya ƙare.

Baba yana da hanyarsa. Yakan iso a keke bayan sallar asuba, da riga biyu da hular sanyi. Sai ya ɗauki kwanon da leburori ke ɗibar kankare, ya tafi wurin mai koko. Ita kuwa a bayan ɗakinta take kafa tukunya, jikin wani bangon ƙasa da ke kallon layi. Takan ɗebo masa garwashi daga murhunta, ya kawo, ya ɗora a kan bulo biyu, ya tura ƙarƙashin injin daidai inda mai ke taruwa. Sannan ya karɓi butar ruwan zafi ya riƙa zubawa a hankali a kan matatar dizal da famfonta. Leburori suna cewa, "Baba na yi wa amarya wanka." Shi kuma ya ce, "Ku da ba ku da amaryar fa?"

Daga nan sai ya koma benci ya zauna da kofin koko da ƙosai, matan layin suna zuwa da kwanukansu, yana ta hira da su. Ina ganinsu suna nuna ƙasa da hannu, suna nuna wancan gida da wancan, na ɗauka gulmar unguwa ce. In ya gama sai ya janye kwanon, ya hau, ya murɗa makulli sau ɗaya, ta tashi. Ko a nan ma bai gama ba. Sai ya bar ta tana gunji a hankali, sannan ya ɗaga hannunta sama kaɗan-kaɗan, ya sauke, ya naɗe bokitin haƙa da ke bakin hannun, ya buɗe, ya juya ta dama, ya juya ta hagu, duk ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Ya ce miƙa take yi. Kusan awa guda ke tafiya a haka kullum.

Ni abin da idona ke gani shi ne ɗigon dizal a jikin injin, da jan garwashi a ƙasansa. Na yi mako biyu ina juya maganar a raina kafin na iya faɗa.

"Baba, ba wai na ce ba ka san aikinka ba. Amma wannan wutar, ina ganin kamar littafi ya hana."

"Wane littafi?"

"Littafin injin."

"Shi littafin ya taɓa tashinta da asuba?" Ya buɗe mini tafin hannunsa, duk tabon ƙuna. "Injiniya, ka kawo mini fulogi sabo, ni ma in huta da ɗaukar wuta. Ka ɗauka daɗi nake ji?"

Gaskiyarsa ce. Na nemi fulogogin a ofis sau biyu, aka ce ana dubawa. Sai na yi tunanin idan na rubuta rahoto na nuna haɗarin, dole a saya. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai tsoro a ciki. Na riƙa ganin katafilar tana ci da wuta, ana tambaya wa ke kula da injuna, ina komawa gida in tarar da mahaifiyata da maƙwabtan da suka ci shinkafarta. Na yi kwana biyu ina rubuta shafi ɗaya. Na cika shi da "mai yiwuwa" da "a iya fahimtata". Na yabi Baba a sakin layi na farko da na ƙarshe.

Manajanmu mutumin kudu ne, Hausar kasuwa yake yi. Ina jin layi ɗaya kawai ya karanta. Ya zo wurin aiki da takardar a hannu, ya tsaya gaban kowa.

"Wuta? Ƙarƙashin inji na? Baba, kai tafi gida. Zauna gida sai na kira ka."

Na buɗe baki in ce ba haka nake nufi ba, abin da ya fito shi ne, "Masta, wataƙila a bari mu..." Bai saurare ni ba, ni ma ban ƙarasa ba. Baba bai kalle ni ba. Ya ɗauki butarsa ya mayar wa mai koko, ya hau kekensa. Daga ranar na daina zuwa bencinta. Ta hango ni washegari ta ce, "Ɗana, yau ba koko?" Na ce cikina ne ba daɗi.

Aka kawo wani direba daga kudu, ƙaƙƙarfan mutum mai fara'a, wanda ya saba da sababbin injuna a wuraren haƙar zinariya. Ba mugu ba ne kuma ba rago ba ne, ina so a san wannan. Ranar farko katafilar ta ƙi tashi sai da rana ta ɗaga sosai, wajen ƙarfe goma. Tana tashi ya ba ta wuta, ya kafa bokiti a ƙasa. Kafin azahar ɗaya daga cikin tiyoyin da ke kai mai ga hannun ya fara tsatsafo. Muka naɗe shi da robar tayar babur da waya. Don ya rama awannin da suka ɓata, sai ya riƙa haƙa da sauri, ba tsayawa.

Ranar Alhamis da yamma ramin ya iso bayan ɗakin mai koko. Zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, tsakaninsa da bangonta bai wuce taku biyu ba. A gaba kuma, tsakanin ƙarshen ramin da babbar gotar da za mu haɗe da ita, akwai ƙasar da ba a haƙa ba tukuna, ga tulin jar ƙasa da tifa ta juye a kai. Ina zagayawa kafin a tashi sai na ga gefen wani shuɗin bututun roba a jikin ramin, haƙorin bokiti ya yage shi. A bushe yake ƙamas. Na tambayi wani lebura, ya ce, "Wannan ai mataccen paipu ne." Na ciro ɗan littafina na rubuta: a duba gobe.

A Aboabo aka haife ni. Na san ruwan famfo a garin nan sai ya yi kwanaki bai zo ba, kuma in zai zo da asuba yake zuwa. Na san bututu a bushe ba shi ne matacce ba. Tun ina yaro na san wannan, da jarka a hannu. Har yau ban gane yadda na tsaya a bakin ramin nan na manta ba.

Ranar Juma'a da asuba ina fitowa daga masallaci wayata ta yi ƙara. Mai gadinmu ne.

"Injiniya, ruwa! An sako ruwa, rami ya cika, yana cin bangon mai koko. Ka zo, ka zo!"

Ban koma gida na ɗauki rigar sanyi ba. Kafin in isa Kaladan a kan babur yatsuna sun sandare, da ƙyar nake matsa birki. Gari ya fara wayewa. Ruwan ya kusa cika ramin, yana tafasowa daga inda bututun yake, ja kamar kunun kanwa da aka zuba wa manja. Gefen ramin da ke wajen ɗakin yana zubewa gutsure-gutsure. Gindin bangon ya yi duhu da laima har gwiwa. Mai koko tana fitar da kaya, ita da maƙwabta: katifa, tukwane, buhun gero, akwatin ƙarfe. Murhunta a mace, ko ashana ba ta ƙyasta ba.

Ta gan ni ta ajiye tukunyar da ke hannunta. "Ɗana, ɗakin nan marigayi maigidana ne ya gina mini. Ba ni da wani. Ka yi wani abu."

Na ce, "Mma, in sha Allahu, ina ganin za mu iya..." Ban san me za mu iya ba.

Na kira ofishin masu ruwan famfo, wayar tana ta ringi. Na kira manaja, a kashe. Wani dattijo ya ce makunnin ruwan layin yana can bakin titi, amma an binne shi tun da aka yi kwalta, ba wanda ya san daidai wurin. Wasu samari suka shiga ruwan suna lalube da ƙafa don su toshe bututun da tsumma, ruwan ya ture tsumman, sanyi ya kore su. Leburori huɗu da suka iso suka hau tulin jar ƙasa da shebur da diga. Na duba yawan ƙasar, na duba yadda ruwan ke hawa, na ga ko sun kai ashirin ba za su buɗe hanya kafin hantsi ba. Katafila kuwa cokali biyar za ta yi da bokitinta ta gama, ruwan ya wuce babbar gota. Tana tsaye can, bai fi taku arba'in ba, raɓa ta jiƙa gilashinta.

Sabon direban ya iso a guje ya hau. Ya murɗa. Ta yi gur-gur-gur, farin hayaƙi, shiru. Ya sake. Ya sake. Na ce ya riƙa ba ta hutu tsakani, ya ce, "Masta, lokaci babu." A karo na biyar ko na shida na ji sautin ya fara nauyi. Ya leƙo ya ce a kawo maganin sauro na fesawa, a fesa a hancin injin inda yake shaƙar iska, haka suke yi a daji. Na san abin yana iya tayar da inji, na kuma san yana iya fasa shi. Na ce, "To, wataƙila kaɗan, amma ba da yawa ba." Aka fesa. Ta yi wata irin ƙara kamar an buga guduma a cikinta, sau uku, ta mutu. Da ya sake murɗawa sai ƙyas, ƙyas. Batir ya tafi.

A lokacin wata mata ta yi salati. Tsaga ta fito a bangon, daga ƙasa zuwa ƙarƙashin taga, siririya kamar zare.

Ban tuna yanke shawara ba. Na dai ga kaina a kan babur, hanyar Tishigu. Sau ɗaya na taɓa raka Baba gida, sai da na yi tambaya biyu kafin na gane ƙofar. Na same shi a tsakar gida, lulluɓe da bargo, yana shan shayi kusa da kurfoti, wato murhun gawayi. Na durƙusa har ƙasa. Na yi masa gaisuwar safiya da Dagbanci, yarensu, ya amsa, ya ci gaba da kallon kofinsa.

"Baba, na yi kuskure. Ruwa ya cika ramin, ɗakin mai koko zai faɗi. Katafila ta ƙi tashi. Don Allah."

"Manaja ne ya aiko ka?"

"A'a."

"To ai ya ce in zauna sai ya kira."

"Baba, don Allah. Ni ka yi mini duk abin da ka ga dama daga baya."

Ya ajiye kofin. "Ramin ya kai bayan ɗakinta? Kun bi ta jikin bangon?" Na ce e. Ya rufe ido. "Shuɗin paipu?" Na ce e. Ya miƙe. Ya zura takalmi, ya ce wa matarsa ta juye garwashin kurfotin a tsohon kwano ta rufe da faranti. Ya hau bayana da bargonsa, ya riƙe kwanon da tsumma a gefe guda. Ina jin zafinsa a cinyata har Kaladan.

Da muka iso tsagar ta kai yatsa ya shiga. Garwashin da muka kawo bai isa ba. Baba ya tsaya tsakiyar layi ya ɗaga murya, "Mata, duk mai wuta a gida ta kawo!" Suka watse, suka dawo da garwashi a murfin tukunya, a shebur, a fasasshen kasko. Ya juye duka a kwanon kankare, ya miƙo mini.

"Injiniya, kai za ka sa. Ka san wurin, ka daɗe kana kallo."

Na kwanta a ƙasa mai sanyi na tura kwanon ƙarƙashin injin da hannuna. Ɗigon dizal yana nan inda yake, sai da na karkatar da kwanon don kada ya faɗa ciki. Baba ya sa aka ciro batiran tifa aka haɗa. Wata mata ta kawo ruwan da ta dafa don wankan 'ya'yanta, ya zuba a kan matatar a hankali, kamar ba abin da ke faruwa a bayansa. Sannan ya ɗora tafin hannu a jikin injin ya tsaya.

"Baba, a gwada mana."

"Sau ɗaya batiran nan za su ba mu. In ka ƙona shi yanzu, shi ke nan."

Na je bakin ramin, na dawo. Na sake zuwa, na dawo. Wani babban gutsure ya zube daga gindin bangon, ruwan ya fantsama. Leburori na ta haƙa, sai numfashi da ƙarar diga. Mai koko ta zauna a kan akwatinta tana jan carbi, idonta a kan tagar ɗakin. Ban san minti nawa muka yi ba. A jikina ya yi kamar rabin yini.

Can Baba ya ce in janye kwanon. Ya hau, ya yi bisimilla, ya murɗa. Ta ja sau biyu da nauyi, ta kama, baƙin hayaƙi ya tashi. Layin gaba ɗaya ya ɗauki kabbara. Na ji hawaye a fuskata. Na ɗaga hannu ina nuna masa tulin ƙasar, ina ihu, "Mu je! Mu je!"

Bai motsa ba. Ya bar ta tana gunji a hankali. Sannan ya fara ɗaga hannun, kaɗan-kaɗan, ya sauke.

Na haye kan sarƙar ƙafarta na riƙe ƙofar. "Baba, yau ba ranar miƙa ba ce! Don girman Allah!"

Ya nuna mini tiyon da muka naɗe da roba. "Wa ya yi wannan?"

"Mu ne."

"Man da ke ciki yanzu kauri gare shi kamar man kaɗe. In na tura shi da ƙarfi, nan zai fashe. Hannun ya faɗi, ya zauna. Sannan ba ni, ba kai, ba littafi. Sauka."

Mutane suka taso. Wani yana cewa tsohon nan ramuwa yake yi. Wani yana cewa a sauke shi a ba ɗan kudu. Shi sabon direban yana tsaye da hannu biyu a ka, ya ce mini a hankali, "Masta, tsoho yana da gaskiya. Amma bango ma yana da gaskiya." Ni ne mai kula da injuna. Da na ce a sauke shi, da an sauke shi. Da na ce kowa ya yi shiru a bar shi, da wataƙila sun yi. Ban faɗi ko ɗaya ba. Na tsaya tsakanin katafila da bango ina cewa, "Baba, ko kaɗan-kaɗan ne, ko za a iya..." Shi kuwa ya naɗe bokiti, ya buɗe. Ya juya dama. Ya juya hagu.

Bangon bai yi ƙara sosai ba. Wani irin nishi ya yi, ya zauna a cikin ruwan, rabinsa na ƙasa da farko, sannan na sama ya biyo da tagar. Kwanon rufin ya lanƙwaso ya tsaya a kan katako ɗaya. Ba kowa a ciki, alhamdu lillahi. Sai ga cikin ɗakin a fili, duk layi na kallo: gadon ƙarfe ba katifa, kalanda a bangon da ya rage, da wata tsohuwar hula a rataye a ƙusa.

Baba ya kai katafilar, ya yi cokali biyar ko shida, ruwan ya samu hanya ya wuce da gudu. Tiyon bai fashe ba. Cikin ɗan lokaci ramin ya koma taɓo, bututun yana ta zuba a ƙasansa, kowa yana ganinsa.

Na je wurin mai koko. Na durƙusa a gabanta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce, "Paipun nan marigayi ne ya ja mana shi, ina tsaye aka binne. Duk gidan da za ku wuce, Baba sai ya tambaye mu inda namu ya bi, yana shan koko muna nuna masa. Ranar da aka kore shi na ce masa gobe zan nuna masa nawa." Ta gyara ɗankwalinta. "Na kira ka, ɗana. Ka ce cikinka ba daɗi."

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Manaja ya zo da hantsi, ya yi faɗa da kowa, ya yi alkawarin bulo. An kawo wasu, ba su isa ba. Ni da Baba da leburori biyu muka ɗaga bangon zuwa ƙugu a ranakun Lahadi, sai aka mayar da mu wani aiki a bayan gari. Mai koko ta ƙarasa sanyin a ɗakin maƙwabciya, kafin damina kuma 'yarta ta zo ta tafi da ita wani gari. Na bi ta layin bara, bangon yana nan a ƙugu, awaki na kwana a ciki.

Baba ya dawo aiki ranar Litinin, ba wanda ya kira shi, ba wanda ya hana shi. Fulogogin ba su zo ba har na bar kamfanin. Ni nake ɗauko masa garwashi kowace safiya, daga murhun wata mai waina. Bai taɓa tayar mini da maganar rahoton ba. Da wata ukuna suka cika aka riƙe ni aiki, manaja ya ce ni mutum ne mai lura. Mahaifiyata ta sake dafa shinkafa.

Sau ɗaya na tambayi Baba ko da ya tafi nan take da bangon ya tsira. Ya ce, "Da tiyon ya fashe fa?" Na ce ai bai fashe ba. Ya ce, "Don na jira." Na ce ko kuma da ma ba zai fashe ba. Ya ce, "To, Injiniya, kai ka yi karatu."

Ga inda nake neman taimako. A tunanina, katafilar tana tsaye tana miƙa lokacin da bangon ya faɗi, kuma daga tashinta zuwa faɗuwarsa an yi kamar minti goma, wanda ya isa a buɗe wa ruwan hanya sau biyu. Mai gadi ya rantse mini cewa ba a yi minti uku ba, kuma ta riga ta fara tafiya. Ɗaya daga cikin leburorin ya ce bokitin ma ya riga ya shiga ƙasa. Idan nasu ne daidai, to ɗakin ya riga ya tafi tun ina kan hanyar Tishigu, ko tun ranar Alhamis da na rufe ɗan littafina. Idan nawa ne daidai, akwai minti goma da ya kamata wani ya yanke magana a cikinsu, kuma ni ne wanin. Mutane da yawa sun tsaya a layin nan da safiyar, wasu da garwashinsu a hannu. Duk wanda ya tuna yadda abin ya faru bi da bi, ko ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan. Wanda kuma ya san garin da mai kokon take yanzu, ya haɗa da wannan.